Wa Ke Zuba Wa Bappayo Gyaɗa?

Salamu alaikum, masu bina a wannan labari. Ku matso kusa, don maganar yau ta cikin gida ce, kuma ba na son Goggo Joda ta ji ina fasa ta. Wanda yau ne farkon shigowarsa, sunana Safiyyatu, gidanmu yana Jekadafari a cikin garin Gombe. Malamar firamare ce ni, cikin waɗanda aka ɗiba da gaggawa a shekarar nan ta saba'in da shida da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga boko. Babana ya rasu tun ina makarantar horon malamai. Mu uku muka rage a gidan: ni, da Innata, da ƙanwar Baba, wato Goggo Joda, wadda sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ku riƙe wannan sana'ar tata a ranku.

Wanda nake so kuwa Hamma Bappayo ne, ɗan unguwar Dawaki, ma'aikaci a ofishin safiyo. Dogo ne, baƙi, mai wushirya, ga sanyin magana kamar ba zai iya korar kaza ba. Da aka yi rabon kuɗin Udoji na ƙarin albashi, abokansa suka yi ta ɗinka wanduna masu faɗin ƙafa, shi ya sayi Vespa shuɗiya da rediyo mai kaset. In ya karyo kwanar layinmu tun kafin ya tsaya na san shi ne, don Vespar tana da wani tari nata na daban.

Aibinsa ɗaya, in ma aibi ne: ba ya cin gyaɗa. Ba ƙinta yake ba, jikinsa ne ba ya ɗauka. Tun yana yaro, in ta shiga bakinsa sai leɓɓansa su kumbura, borin jini ya feso masa. A Gombe fa! Garin da kunu gyaɗa, miyar taushe gyaɗa, yajin tsire gyaɗa, ƙosai ma a cikin manta yake iyo. Ranar da ya gaya min, dariya na yi har da riƙe ciki.

Na ce, "Hamma, duk faɗin garin nan ka rasa inda za ka nemi aure sai gidan mai ƙuli?"

Ya ce, "Ai ba ƙulin na zo aura ba."

To haka muka yi ta tafiya lafiya. Duk Juma'a bayan la'asar yana zuwa, in yi masa girki da man shanu ko manja, in zuba a kwanon samira in kai masa zaure. Ya ci ya suɗe, ko ƙaiƙayi bai taɓa ji ba. Har kawunnansa suka kawo gaisuwa, Baffana ya karɓa, aka sa rana bayan kaka.

Daga nan gidanmu ya sauya masa matsayi. Aka nannaɗe tsohuwar tabarma aka shimfiɗa masa darduma. Inna ta sauko da akushin Baba daga saman rumfar gadonta, wannan baƙin kwanon itacen mai sheƙi da babu wanda ya ci abinci a ciki tun rasuwarsa, ta ajiye min a bakin madafi ba tare da ta ce uffan ba. Haka Inna take. Ni ce 'yar farinta, kuma kun san kunyar Fulani: tun da na buɗi ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba, daga "ke" sai "yarinyar nan". Surukin ma ko inuwarsa ta hango a zaure sai ta koma ɗaki. Da na ga akushin nan na san ta karɓi Bappayo, har sai da na ɓuya bayan randa na yi ɗan kukana.

Goggo ce kawai ta taɓe baki.

"Namijin da gyaɗa ke kayarwa, wane ruwa zai tare miki?"

Juma'ar farko bayan gaisuwa na yi tuwon shinkafa da miyar kuka. Bai ci rabi ba na ga yana sosa wuya. Leɓensa na ƙasa ya yi suntum. Ya yi ta dariya yana cewa ƙila a ofis ya taɓa wani abu, ya hau Vespa ya tafi. Juma'a ta biyu kuwa babu dariya. Loma kaɗan ya yi, ya ajiye hannu, ya dube ni da idanu jajur, numfashinsa yana fita da wani ƙara kamar ana busa ƙaramin usur. Ban san lokacin da na fita titi ba ko mayafi ina kururuwa. Maƙwabcinmu mai a-kori-kura ne ya kwashe shi zuwa asibiti.

Yanzu ku taya ni lissafi. Watanni mutumin nan yana cin girkina lafiya lau. Ana sa rana sai ciwo. Ni ban canja mai ba, ban canja miya ba, ban canja hannu ba. In ba wani ne ba ya son auren nan, me za ku kira wannan?

Washegari na dama fura, na ci ado da atamfata mai ruwan goro da sabon gyale, na bi Edna zuwa asibitin. Edna 'yar Kaltungo ce, nas, tana haya a gidan da ke jikin namu, kuma ƙawata ce tun da ta tare. Ita ce ma ke bakin aiki ranar da aka kai shi, da hannunta aka yi masa allura.

A ƙofar ɗakin muka tarar da mahaifiyarsa, Hajiya Umma, zaune a kan kujera, carbi a hannu. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta. Ba ta dubi fuskata ba, langar da ke hannuna ta kafa wa ido.

"Mene ne a ciki?"

"Fura ce, Hajiya."

"Mayar da abarki."

"Hajiya, wallahi ni da kaina na..."

"Na sani, ke da kanki. Wancan ma ai ke da kanki ne." Ta ja carbi guda. "Yarinya, tun yaron nan yana goye nake kiwonsa a garin gyaɗa. Tukunyarsa daban, ludayinsa daban. Bai taɓa kwana asibiti ba sai da ya fara cin tuwon gidanku. Ko dai ganganci ne, ko kuwa wani abu ake barbaɗa masa don a mallake shi. Ko wanne ne, ban haifi ɗan da zan ba da shi sadaka ba."

Barbaɗe! Ni Safiyyatu, da ko layar ciwon kai ban taɓa ratayawa ba. Na tashi da langata na juya. Ko fuskarsa ba a bar ni na gani ba.

A hanya Edna ta riƙe min hannu.

"Safiyya, ki daina kuka mutane na kallo. Ba asiri ba ne, ni na sha ganin irinsa. Masu irin jikin nan ba sai sun ci gyaɗa da ido ba. Ɗigon mai ɗaya ya isa. Ludayin da aka juya miyar taushe aka tsoma a tasa miyar, ya isa. Ina kike niƙa hatsinki?"

"Injin bakin kasuwa."

"Wa ya riga ki a layi? In mai kunun gyaɗa ce, to garinki ya kwashi nata. Turmin gidanku fa?"

"Guda ne."

"Wanda Goggo ke kirɓa tunkuza a ciki? Haba Safiyya! Itace yana shan mai fa. Turmi, muciya, taɓarya, ko ki wanke su da sabulu har hannunki ya saɓule, man yana nan a ciki. Da zafi ya taɓa shi sai ya tsatso. Ga soson wanke-wanke, ga daddawar kasuwa da ba ki san me aka haɗa ta da shi ba. Kuma ki ji da kyau: wannan karon da ƙyar muka samo numfashinsa. Na gaba ban yi miki alkawari ba."

Maganarta ta shige ni, amma wani gefen zuciyata cewa yake: to ai da wannan turmin da wannan muciyar na yi ta yi masa girki a baya, me ya sa sai yanzu? Ban faɗa mata ba. A lokacin ban yarda da kowa ba.

Har ita Ednan, in gaya muku gaskiya. Don bayan an sallame shi, sai ga ta da yamma ta shigo ɗakina da kayan aikinta farare, ta zaro kaset daga jaka tana murmushi.

"Saƙo daga Bappa."

Bappa? Yaushe aka kai ga yanke masa suna? Ni da za a aura ban taɓa kiransa haka ba. Na dubi yadda ta gyara kitsonta, na dubi jan bakinta, na ce a raina, to, allura guda har ta zama zumunci. Na karɓa fuska a ɗaure. Da yake ba ni da rediyo, dole a nata muka saka, tana zaune tana jin komai.

Muryarsa ta fito a dushe.

"Safiyya, ina gaishe ki. Na ji abin da Hajiya ta faɗa miki, ki yi haƙuri, tsoro ne ya sa ta. Ta ce kada in ƙara cin komai a gidanku. Na ce mata matar da ba zan ci tuwonta ba, yaya zan zauna da ita? Mun yi da ita: Juma'ar nan zan zo in ci. In na tashi lafiya, ta janye maganarta. In an sake, za ta aika kawunnaina su karɓo gaisuwarsu, ni kuma ba zan yi musu ba. Na yarda da ke, shi ya sa na yarda da sharaɗin. Ki yi min miyar kuɓewa." Sai ya yi ɗan tari, ya tuno maganar Goggo da na taɓa ba shi labari, ya ƙara da cewa, "Ki gaida Goggo, ki ce mata gyaɗa ba ta kayar da ni ba tukuna."

Edna ta kashe rediyon da ƙarfi.

"Wannan mutumin naki ba shi da hankali. Na gaya masa, na gaya masa! Ki hana shi."

In hana shi, auren ya mutu, a ce na tsorata don ina da abin ɓoyewa. In bar shi ya ci, ƙila in kashe shi da hannuna. Kun ga inda aka saka ni. Na dubi Edna na ce a raina, ke kuma me ya sa kike son in hana shi? Allah ya yafe min, amma haka na raya.

Ranar Alhamis daga makaranta kasuwa na zarce. Na sayi sabuwar tukunyar ƙarfe, sabuwar muciya, ludayi, mara, wuƙa, soso, har da sabulu wanda ba a ɓare takardarsa ba. Shinkafa na auna, don tuwonta ba ya bi ta inji. Kuɓewa ɗanya, wadda ba ruwanta da turmi. Daddawa na ce a kai kasuwa, yaji ma haka. Man shanu kuwa sai da na tsare Bafulatanar da ke sayarwa da tambaya har ta fusata ta ce in ba saya zan yi ba in ba ta wuri. Na dawo na zuba komai a akwatina na ƙarfe, na kulle, na rataya makullin a wuya da zare.

Ina fitowa tsakar gida na tarar da Goggo ta baje. Alhamis ce ranar suyarta. Ga tunkuza a turmi, ga kasko a wuta, ƙamshin mai ya cika gidan har maƙwabta. Hannunta sharkaf, kuma da shi take taɓa murfin randa, da shi take ɗaukar moɗa, da shi take ture ƙofar madafi.

Na ce, "Goggo, don Allah da kin ɗaga suyar nan zuwa Asabar."

"Saboda me?"

"Gobe Hamma zai zo."

"To sarkin gari ne? Tun kafin a haife ki nake suya ranar Alhamis. Don wani mai jikin auduga zai zo, sai in kashe wutata?"

"Goggo, rai fa ake magana."

Ta tsaya da matsar tunkuzar, ta dube ni sama da ƙasa.

"Faɗi abin da ke bakinki, 'yar boko. Tun shekaranjiya kike bina da ido kamar na saci akuya. Ni ce nake zuba masa, ko?"

"Ni ban ce ba."

"Idonki ya ce. In na tashi korar mutum, da bakina nake korarsa, ba na bin bayan tukunya."

Inna tana bakin ƙofarta tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba. "Ke, shiga ɗaki," abin da ta ce ke nan.

Na shiga, amma ban saki labule duka ba. Na bar 'yar kafa ina leƙe. Kuma ku ji abin da na gani. Da Goggo ta gama matsa, sai ta waiga dama ta waiga hagu, ta zaro wata 'yar kwalba daga ƙugunta, irin ta turaren nan ɗan goma, ta cika ta da man farko mai ɗumi, ta toshe da tsumma. Ta taka a hankali har wurin Inna, ta sunkuya kamar mai duba shinkafa, ta saka mata a hannu. Inna ta tura kwalbar cikin zaninta.

Goggo na zarga, na zargi Edna, na zargi mai inji da mai daddawa. Amma Inna? Innar da ta ba shi darduma? Sai tunani ya yi ta zuwa min marar daɗi. In na yi aure wa zai rage mata? Ko ba ta son in tafi ne, kunya ta hana ta faɗa? Na tuna duk ranar da zan kai masa abinci, takan zo ta tsaya a kaina, ta gyara faifan da na rufe tuwon da shi. Da ina ganin kulawa ce. Yanzu kuwa na shiga tambayar kaina me ke cikin tafin hannunta a lokacin.

Da gari ya waye na aika makaranta cewa ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya na yi ba. Ban taɓa zama a gida da safiyar Juma'a ba tun da na fara aiki, kafin nan kuma ina makarantar kwana. Na ɗebo ruwa da kaina daga famfon layi, ban taɓa randar gida ba. Na kafa sabon murhu a bayan ɗakina, nesa da madafi. Na wanke hannu har gwiwar hannu, na yanke farce. Akushin ma tun jiya na wanke shi da sabon soso na kife a kan akwatina.

Da hantsi na shiga ɗauko wuƙa, sai na ga babu akushi.

Na fito ba takalmi. Goggo ta tafi kai ƙuli kasuwa, gidan tsit. Labulen Inna a sake. Na bi jikin bango a hankali, na sa ido ta gefen labulen. Na shirya ganin ƙulli, ko laya, ko garin magani. Na ma shirya abin da zan faɗa.

Inna tana zaune a ƙasa, ta miƙe ƙafafu, akushin yana kan cinyarta. Ta buɗe 'yar kwalbar, ta ɗiga man a tafin hannunta, ta shiga shafa shi a cikin kwanon. A hankali take yi, tana bin kowane lungu da yatsa, ciki da baki da gindi, kamar mai shafa wa jariri mai bayan wanka. Bakinta yana motsi. Na kasa kunne, sai na ji sunan Baba take kira tana nema masa gafara. Ta ɗaga akushin wajen hasken taga, ta ga ya yi sheƙi, ta yi wani ɗan murmushi da rabon da in gani tun yana raye.

Itace yana shan mai. Da zafi ya taɓa shi sai ya tsatso. Tuwo mai tururi nake kwashewa in kifa a ciki, in ɗauka da hannu biyu, in kai wa Bappayo ina taƙama.

Na canja tukunya, na canja muciya, na canja har ruwa. Akushin ne kaɗai bai taɓa zuwa min a rai ba, don ni ban taɓa kallonsa a kayan girki ba. Kayan Baba ne.

Na ɗaga labulen na shiga. Inna ta yi saurin jan zani ta rufe kwalbar, kamar yarinyar da aka kama da alewa.

"Ke, lafiya? Ba ki tafi aikin ba?"

Na durƙusa a gabanta.

"Inna, tun yaushe kike shafa masa mai?"

Ta kawar da kai. "Tun da aka kawo ni gidan nan. In ba a shafa ba tsagewa yake. Duk Juma'a kafin mai gidan ya dawo daga masallaci nake yi, Joda ce ke ba ni na farkon matsa don ɗan'uwanta. Da ya tafi ban ga dalilin dainawa ba." Ta shafa bakin akushin. "Kin wanke shi jiya da sabulu har ya yi fari. Ina za a kai wa baƙo abinci a haka?"

"Inna, man gyaɗa ne."

"Na sani mana. Ai ba a cikin miya na..."

Ba ta ƙarasa ba. Na ga maganar ta isa inda za ta. Ta dubi tafin hannunta mai maiƙo, ta dubi akushin, ta sake duban hannun.

"Shafawa kawai? Ɗan wannan?"

"Edna ta ce ɗigo ɗaya ya isa. Itacen ya sha, zafin tuwo ke fito da shi."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta faɗa a hankali, ta maimaita. "Ni ce ke nan. Ɗan mutane. Girmama shi na yi niyya, yarinyar nan, wallahi girmama shi na yi niyya. Ba ni da bakin da zan ce masa na karɓe shi, shi ne na ce bari kwanon ya faɗa."

Na fashe da kuka na kifa kai a gwiwarta. Kukan daɗi ne ko na kunya, ni ma ban sani ba. Daren jiya kaɗai na ɗora wa matar nan laifin da ko maƙiyi sai an yi shakka.

Muna haka Goggo ta dawo, tire a kai. Ta leƙo ta gan mu, ta ga kwalba a ƙasa.

"Wa ya mutu?"

Inna ta nuna mata akushin, ta gaya mata a taƙaice. Goggon da ba a taɓa rufe mata baki ba, sai ta sauke tiren, ta zauna daɓas a bakin ƙofa. Can ta ce, "Ashe dai hannuna yana ciki," ta ja gefen zani ta rufe fuska.

Na share hawaye, dabara ta zo min.

"Inna, ba sai kowa ya ji ba. In zuba masa a sabon kwano, ya ci ya tashi lafiya, Hajiya ta janye maganarta, shi ke nan. Mu mayar da akushin sama."

Ina nufin abin da na faɗa. Na san Hajiya Umma. In ta ji cewa uwar yarinya ce da hannunta ta kusa kashe mata ɗa, tana iya cewa gidan gaba ɗaya ba na shiga ba ne. Ko ta yafe, maganar za ta zaga Dawaki da Jekadafari, a riƙa nuna Inna a gidan biki.

Inna ta girgiza kai.

"Ya ci ya tashi lafiya yau. Uwarsa kuma ta ce kin ji tsoro ne kin fasa barbaɗawa. Ki shiga gidanta da wannan tabon, duk ranar da ya yi atishawa a dube ki. Har ki tsufa."

"To ni in je in yi mata bayani."

"Ba ke kika shafa ba."

Ta miƙe. Ta wanke hannunta da sabuluna, ta sake wankewa. Ta ɗauko wani farin ƙyalle ta naɗe akushin, ta ɗaure bakin, ta tura 'yar kwalbar a ciki. Ni da Goggo muna kallonta. Matar da tun da ta fita takaba ba ta taka ƙofar gida ba sai gaisuwar mutuwa. Matar da ko sunan unguwar surukanta ba ta iya faɗa don kunya.

Goggo ta ce, "Ina za ki da rana tsaka haka? Gidan suruki? Ke da ƙafarki?"

"Dawaki. Kafin a sauko daga masallaci, kafin yaron ya hau babur ɗinsa."

"In ta ci mutuncinki fa?"

"Ta ci. Nawa ne."

Ta ɗora ƙullin a ka, ta zura takalmi, ta tsaya a bakin ƙofa tana lalube a kan igiya. Mayafin yana bayana, a kan gado. Ta juyo ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta saba ba.

"Safiyyatu," ta ce, "miƙo min mayafina."

Na tsaya kamar an dasa ni. Ashe haka sunana yake a bakinta. Na ɗauko mayafin da hannu biyu na yafa mata, na zari nawa. Ba ta ce in zo ba, ba ta ce in zauna ba. Tana gaba da kwanon Baba a kanta, ina biye, shinkafata tana can a jiƙe ban ko hura wuta ba, muka fita zaure muka kama hanyar Dawaki.